Wane Wata Ya Fi Dacewa a Ziyarci Birnin Rum?

Malam, ka ce kana da hutun mako guda da za ka iya ɗauka a duk watan da ka ga dama, kana son ka kai maiɗakinka da Hajiya mahaifiyarka birnin Rum na ƙasar Italiya, kuma wani abokinka ya ba ka shawarar watan Agusta saboda a lokacin ba a ruwan sama, yini kuma yana da tsawo. Ka ƙara da cewa zafi ba ya ba ka tsoro tunda a Kano ka tashi. Amsata a taƙaice ita ce ku tafi a mako na biyu ko na uku na Oktoba. Idan hakan bai yiwu ba, ku nemi makonnin farko na Mayu. Agusta kuwa ina roƙonka ka cire shi daga lissafi, musamman da yake akwai dattijuwa a cikin tafiyar. Na daɗe ina shirya wa mutane irin wannan ziyara, kuma zan faɗa maka dalilaina ɗaya bayan ɗaya domin ka auna da kanka.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne Rum birni ne da ake gani da ƙafa. Jirginsa na ƙarƙashin ƙasa layi uku kacal gare shi, kuma ya fi bi ta gefen tsohon gari, domin kusan duk inda aka haƙa sai an tarar da ginin mutanen da, aiki ya tsaya har sai masana sun gama bincikensu. Lungunan da ke tsakanin Fantiyon da dandalin Navona da maɓuɓɓugar Trevi ƙanana ne, yawancinsu bas ba ta shiga, an kuma daɓe su da wasu baƙaƙen duwatsu masu kusurwa huɗu da mutanen garin ke kira sampietrini, waɗanda ke ɗaukar zafi da rana, su yi santsi idan an yi ruwa. Baƙon da ya fito da safe da niyyar ganin wurare uku ko huɗu ba wuya ya taka kilomita goma kafin magariba. Saboda haka, ni idan ana maganar lokacin zuwa Rum, awon da nake yi guda ɗaya ne: a wane wata ne ƙafar mutum za ta iya yin awoyi mafi yawa a waje ba tare da rana ta galabaitar da shi ba, ko ruwa ya kore shi, ko duhu ya riske shi da wuri. Kuɗin otal da cunkoso duk suna biyo bayan wannan.

Sannan kada ka ɗauki lissafin shekararmu ka ɗora a kan tasu, domin a juye suke. Mu a wurinmu ruwa yana zuwa ne a ƙarshen zafi, sanyi kuma busasshe ne mai hazo. A Rum, watannin zafi, wato Yuni zuwa Agusta, su ne na fari, ruwa kuma yana sauka ne daga Oktoba zuwa cikin sanyi. Don haka hunturunsu jiƙaƙƙe ne, irin sanyin da ke ratsa tufafi ya shiga ƙashi. Da yake masu fassara sukan sa kalmar bazara wani lokaci ga watannin Afrilu da Mayu, wani lokaci kuma ga Yuli da Agusta, zan riƙa ambaton watanni da sunayensu domin kada mu ruɗe.

Bari mu fara da shawarar abokinka. Gaskiya ne a Yuli da Agusta sama tana garau, rana kuma ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 8 na dare ko bayan haka. A ma'auni, zafin rana yakan tsaya wajen digiri 31 ko 32, abin da mutumin Kano zai ji ya yi murmushi, tunda ya saba da 40 a Afrilu. Amma akwai bambanci biyu. Na farko, zafinmu na Afrilu busasshe ne, gumi yana fita yana bushewa. Na Rum kuwa yana tafe da danshin teku, domin Bahar Rum bai fi kilomita 30 daga tsakiyar gari ba, sai mutum ya ji riga ta manne masa tun da hantsi. Idan iskar da suke kira shirokko ta taso daga Sahara, ta tsallako teku ta kwaso danshi, har dare ba ya yin sanyi, wani lokaci ma a wayi gari a ga jan ƙura a kan motoci. A 'yan shekarun nan abin ya ƙara tsanani: a ranar 18 ga Yulin 2023 ma'auni ya kai digiri 41.8 a birnin. Bambanci na biyu shi ne mafi muhimmanci. A gida, babu mai hankalin da zai fita yawo da ƙafa tsakanin azahar da la'asar a watan Afrilu. Kowa yana zaure ko gindin bishiya. Baƙo a Rum kuwa, da tikitinsa mai ƙayyadadden lokaci a hannu, a daidai wannan lokacin ne yake tsaye a layi a ƙofar Kolosiyam, wato tsohon babban filin wasan Rumawa, ko yana hawa tudun Palatino, ko yana ratsa kangayen tsohuwar kasuwar Rumawa inda inuwa ta yi ƙaranci ƙwarai, dutse yana mayar da zafi daga ƙasa. A gidan tarihi na Batikan, mazaunin Fafaroma, ma, yawancin dogayen zaurukan babu na'urar sanyaya ɗaki, ga dubban mutane kafaɗa da kafaɗa suna tafiya hanya ɗaya. Na ga dattawa masu ƙarfin hali da suka yi tawafi da sa'ayi ba gajiya, amma kwana biyu a wannan yanayi suka ce a bar su a ɗaki, sauran kwanakin kuma suka tafi a banza.

Mutanen garin da kansu ba sa zama. Wannan tsohuwar al'ada ce mai dalili. A zamanin da, fadamun da ke kewaye da birnin cike suke da sauro, zazzaɓi kuma yana kisa a ƙarshen zafi, har kalmar maleriya da muke amfani da ita a yau daga Italiyanci ta fito, ma'anarta mummunar iska, domin sun zaci tururin fadama ne ke kawo cutar. Fafaroma Alizanda na Shida zazzaɓi ne ya kwantar da shi ya rasu a ranar 18 ga Agustan 1503, kuma masu hali sun saba barin gari su hau tuddai, kamar yadda fafaromomi suka riƙa komawa Castel Gandolfo. An kawar da cutar daga Italiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka a 1970, amma ƙaurar Agusta ta zauna. Ranar 15 ga wata ita ce Ferragosto, hutun da asalinsa ke komawa ga sarki Agustus a shekara ta 18 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. A makonnin da ke kewaye da ita za ka bi unguwa ka ga ƙofofin shaguna a sauke, an manna takarda da rubutun hannu ana faɗin ranar da za a dawo. Manyan wuraren tarihi suna buɗe, gidajen abincin da ke kusa da su ma haka, amma ƙananan wuraren da iyali ke riƙe da su, inda ake samun girki na gaskiya da farashi mai sauƙi, da yawansu a rufe suke. Otal yakan ɗan sauko a Agusta, wannan gaskiya ne, sai dai sauƙin ya zo ne saboda waɗanda suka san garin sun guje shi.

Wanda hutun makarantar 'ya'yansa ya tilasta masa zuwa a wannan lokaci, sai ya raba yininsa biyu: ya fita da sassafe, ya koma masauki kafin azahar, ya sake fitowa bayan la'asar sakaliya lokacin da iskar teku ke kaɗawa. Kuma kada ya sayi ruwan gora a bakin titi. Akwai famfunan ƙarfe sama da 2,000 a birnin da ake kira nasoni, wato masu dogon hanci, waɗanda aka fara kafawa a 1874, ruwansu yana zuba dare da rana, mai sanyi ne kuma na sha. A saman lanƙwasasshen bututun akwai ɗan rami. Idan ka toshe bakin bututun da yatsa, sai ruwan ya yi tsalle ta ramin ya zo daidai bakinka, ka sha ba tare da kofi ba. Haka za ka ga yara da tsofaffin garin suna yi.

To, me ya sa Oktoba? A tsakiyar watan, zafin rana yakan kasance wajen digiri 22, dare kuma wajen 12, wato yanayin da mutum zai yi yawo daga hantsi har magariba da 'yar rigar sanyi a jaka, ya sa ta idan rana ta faɗi. Hajiya za ta iya zama a benci cikin rana ta huta ba tare da neman inuwa ba, za ta kuma iya zaga Kolosiyam da ƙarfe 12 na rana ba tare da an damu ba. Hasken watan ma daban ne. Rana tana yin ƙasa-ƙasa, sai ta bugi bangayen gidajen masu launin jan ƙasa da ruwan ɗorawa, garin duka ya yi kamar an shafa masa zuma. Wanda ya hau tudun Gianicolo da la'asar ya kalli ƙubbobin birnin a wannan haske ba zai manta ba. Mutanen Rum suna da suna na musamman ga waɗannan ranaku, ottobrate, daga fitar shaƙatawa da kakanninsu ke yi zuwa gonakin bayan gari bayan an gama girbin inabi. A nan ne kawai lissafinsu ya yi daidai da namu, domin su ma kakarsu ce: kasuwanni irin na Testaccio cike suke da inabi da kabewa, ana shirin tatsar sabon man zaitun, kowane shago a buɗe, yara sun koma makaranta, gari yana rayuwarsa ta yau da kullum. A bakin lunguna masu gasa wani ɗan itace da ake kira kastaniya sun fara fitowa da kaskonsu mai huji a kan garwashi. Suna tsaga bawon da wuƙa kafin su gasa, su ƙunsa maka a takarda mai tsini, ɗanɗanonsa kusa da na gasasshen dankalin Hausa.

Ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Oktoba ba watan arha ba ne, domin duk wanda ya san garin shi yake nema, kuɗin otal yana nan kusa da na Mayu, tikitin wuraren da ake rububi kuma sai an saya ta intanet tun makonni kafin tafiya. Gidan zane-zane na Borghese, alal misali, ba a shigarsa sai da lokacin da aka keɓe maka, awa biyu ake ba kowa. Ruwa ma ya fara sauka, Oktoba da Nuwamba su ne suka fi kowane wata ruwa a shekara. Sai dai na Oktoba yakan zo kamar hadarin farkon damina, ya zuba da ƙarfi ya wuce, rana ta fito, don haka laima ɗaya da takalmi mai kama ƙasa sun wadatar. Dalilin da ya sa na ce mako na biyu ko na uku shi ne agogo. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba Italiya tana mayar da agogonta baya da awa ɗaya, ta dawo daidai da lokacin Nijeriya da Nijar. Kafin ranar, rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 da rabi. Bayanta kuwa, da ƙarfe 5 da 'yan mintoci duhu ya fara, wuraren tarihi na fili kuma su rage lokacin rufewa. Awa guda a kowane yini, a tafiyar kwana bakwai, ba ƙaramin abu ba ne.

Nuwamba yana da masoyansa. Bayan hutun ranar 1 ga wata kuɗin masauki yana faɗuwa, layuka su gajarta, amma ruwan yana iya yini yana sauka. Akwai kuma abin da baƙi ba su cika sani ba: doka ce ke ƙayyade lokacin kunna na'urar ɗumama gidaje a Italiya, a Rum daga farkon Nuwamba zuwa tsakiyar Afrilu, wani lokaci ma magajin gari ya jinkirta farawar. Wanda ya kama haya a gidan da ke da ɗumama na bai ɗaya zai iya kwana cikin sanyi a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, don haka a tambaya kafin a biya. Abu ɗaya da ruwa ke ƙara wa kyau shi ne Fantiyon, ginin da ya kusa shekara 1,900 yana tsaye, wanda ke da buɗaɗɗen rami mai faɗin kusan mita 9 a tsakiyar ƙubbarsa. Idan ana ruwa, sai ka ga yana saukowa ta ramin kamar zare, ya faɗa kan marmara, ya zurare ta wasu ƙananan hujoji da magina suka bari a daɓen tun asali.

Idan aljihu ne ke hukunci, to daga bayan 6 ga Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu babu lokacin da ya kai shi sauƙi. Bukukuwan Kirsimeti sun wuce, shaguna suna rangwamen da suke yi a farkon shekara, kuma a lokacin ne kawai mutum zai tsaya gaban zane a gidan tarihi ba tare da an ture shi ba. Da rana digiri 12 ne ko kusa da haka, da asuba kuma 3 ko ƙasa, dusar ƙanƙara kuwa ba kasafai ba, ta sauka sosai a Fabrairun 2012 da na 2018. Da magariba a sanyi akwai wani abin kallo kyauta: wasu ƙananan tsuntsaye baƙaƙe da ke zuwa daga arewacin Turai suna taruwa dubbai a sama da tashar Termini da bakin kogin Tiber, suna murɗawa suna warwarewa kamar hayaƙi, irin yadda jan baki ke yi a kan gonar gero, sai dai a kiyayi bin ƙarƙashin bishiyoyin da suke kwana. Ga matashi mai ƙarfi zan ce ya je a Fabrairu hankali kwance. Ga Hajiya kuwa ban so ba, saboda jiƙaƙƙen sanyi da santsin dutse da gajeren yini. Azumi kuma yana iya faɗowa a waɗannan watanni, tunda yana ja baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Yinin azumin gajere ne a can, kusan awa 12, amma yawon ƙafa da azumi a baki ba abin da zan shirya wa dattijuwa ba ne.

Saura Afrilu da Mayu, waɗanda a yanayi su ne kishiyoyin Oktoba. Gari ya yi kore, an jera tukwanen furanni a matakalar dandalin Sifaniya, lambun wardi na tudun Aventino ya buɗe, yini kuma yana ƙara tsawo kullum. Matsalarsu kalanda ce. Bikin Ista yana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, kuma a makonsa Rum ita ce mahaɗar mabiya ɗarikar Katolika na duniya. Ana rufe hanyoyi, ana gudanar da addu'o'i a Kolosiyam a daren Juma'ar da ta gabaci ranar bikin, otal kuma ya kai ƙololuwar tsada. Ga wanda ibadar ce ta kai shi, wannan shi ne lokacinsa; ga mai son ganin gari cikin natsuwa, a duba ranar Ista ta shekarar a kauce mata da mako guda gaba da baya. Daga nan sai 25 ga Afrilu da 1 ga Mayu, ranakun hutu ne na ƙasa da Italiyawa ke haɗawa da ƙarshen mako su cika biranen tarihi, ga kuma ɗaliban makarantu da ake kawowa ayari-ayari a wannan zango. Shi ya sa na ce idan Mayu ne, a fara daga bayan ranar 3 ko 4 ga wata, a gama kafin ƙarshensa, lokacin da zafi ke fara leƙowa.

Bayan an tsayar da wata, ranakun mako ma suna da tasiri. Gidan tarihi na Batikan yana rufe ranar Lahadi, in ban da Lahadin ƙarshen wata da ake shiga kyauta, kuma a ranar layin yana zagaye ganuwa, kada ka kai Hajiya. Haka nan Lahadin farkon wata ana shiga Kolosiyam da sauran wuraren gwamnati kyauta, cunkoson kuma ya ninka. Safiyar Laraba Fafaroma yakan gana da jama'a a dandalin Santa Bitrus, don haka a sa ziyarar cocin a wata rana, a kuma tuna cewa hawa ƙubbarsa matakala 551 ne, ko da an shiga lif sai an taka sama da 300. Gidajen tarihi da dama suna hutu ranar Litinin. Juma'a kuwa ka bar ta ga Babban Masallacin Rum da ke arewacin birnin, kusa da unguwar Parioli, wanda aka buɗe a 1995, ɗaya daga cikin mafi girma a Turai. Ana hawa ƙaramin jirgin ƙasa daga tashar Flaminio a sauka a Campi Sportivi, bayan an idar da salla kuma akwai masu sayar da abincin halal a ƙofa. A nan ma Oktoba ya fi daɗi, domin lokutan salla suna kusa da waɗanda jikinku ya saba da su, saɓanin Yuni da ake asuba wajen ƙarfe 3 da rabi, a yi isha'i bayan ƙarfe 10 na dare.

Abu na ƙarshe shi ne biza. Dokar Shengen, wato ta bizar bai ɗaya ta ƙasashen Turai da Italiya ke ciki, ta yarda a miƙa takardu tun wata shida kafin ranar tafiya, kuɗin babba yuro 90 ne tun daga Yunin 2024, amsa kuma takan fito cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa kwana 45. Samun ranar ganawa ya fi wuya a watannin da kowa ke neman tafiya hutun Yuli da Agusta. Idan ka tsayar da tsakiyar Oktoba, ka fara neman ranar ganawa tun Yuni, ka kama otal ɗin da ake iya sokewa ba tare da asara ba, a cikin tsohon gari ko kusa da shi, ka kuma tambaye su a rubuce ko akwai lif, domin gidaje da yawa a tsakiyar birnin tsofaffi ne, matakala ce kawai ke kai mutum hawa na uku.